DARASI: Hayar na'urar biya da kati da abin da ke ɓoye cikin takardarta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa ƴan kasuwa, darasinmu na wannan karo ya shafi ƴar na'urar nan da ake karɓar kuɗi da ita ta katin banki, wadda ake ce wa TPE a ƙasarmu, POS kuwa a Nijeriya. A shekarar 2003 aka kafa GIM-UEMOA domin haɗa katunan bankunan ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA, har da Nijar. Amfanin na'urar ba ɓoyayye ba ne. Sai dai takardar da ake sa wa hannu kafin a karɓe ta, nan ne ake yin tuntuɓe.

Ku sani malamanmu sun sharɗanta cewa haya ba ta inganta sai an san ladanta, an kuma san wa'adinta. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umurni da a rubuta bashi. To, wanda ya sa hannu bai karanta ba, ina amfanin rubutun gare shi?

Na farko, kamasho. Akan cire shi daga kuɗin ciniki ne, ba daga riba ba. Misali, ka sayar da kayan jika 100, ribarka jika 5, aka cire 2 bisa 100: jika 2 sun tafi, saura 3.

Na biyu, kuɗin haya. Wata-wata ake biyansa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. In hayar jika 10 ce, wa'adin wata 48, ka ɗaura wa kanka jika 480, kuma ƙarshe na'urar ba taka ba ce sai in an rubuta haka. Ka tambayi kuɗin sayenta, ka gwada.

Na uku, fita. Wata yarjejeniyar takan sabunta kanta in ba ka aika wasiƙar janyewa cikin lokaci ba. Wata kuma takan tilasta maka biyan sauran watannin in ka rufe kanti. Wani lokacin takardun biyu ne, ɗaya ta banki, ɗaya ta mai haya, warware ɗaya ba ya warware ɗayar.

Na huɗu, mayar da kuɗi. In mai kati ya musanta cinikin, ana iya zare kuɗin daga asusunka bayan kaya sun fita. Saboda haka ka adana kowane rasiɗi.

Na biyar, lalacewa da jinkiri. A fiƙihu ɗan haya amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ƙetare iyaka. Ka duba wanda takarda ta aza wa gyara. Ƙarin da ake ɗora wa bashi saboda jinkirin biya kuwa, wannan riba ce wadda shari'a ta hana, sai a nemi a cire sharaɗin.

Saboda haka kada ka sa hannu ranar da aka kawo maka takarda. Ka kai ta ga amintacce mai jin Faransanci ya karanta maka layi-layi, sannan ka je ga malami. Alkawarin da wakilin kamfani ya yi da baki, ka ce a rubuta shi, kuma ka riƙe kwafi.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya sa albarka ga nemanmu, amin.