Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar Marsandina Mai Shan Gas Ta Ƙi Tashi

Tambaya: Ina da tsohuwar Marsandi 240D mai shan gas, wadda na gada daga mahaifina. Tun shigowar hunturu take wahalar da ni da safe, sai na tara yara sun tura ta, amma in ta yi zafi makulli ɗaya take tashi. Yanzu kuwa ko an tura ba ta tashi. Bakanikena ya ce a cire injekta a kai wa masu gyaranta, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Me kuke gani? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifi, Ya sa albarka a abin da ya bari. Malam, kada ka yarda a taɓa injektar nan tukuna. Injin motarka shi ne OM616, mai silinda huɗu, lita 2.4, wanda kamfanin Mercedes-Benz ya sa a samfurin W123 da aka fara sayarwa a 1976. Injektar Bosch da ke jikinsa tana daga cikin abubuwan da suka fi komai daɗewa a motar, ba kasafai take mutuwa dare ɗaya ba. Kuma bayanin da ka yi da kanka ya kusa wanke ta: motar da ke gardama da sanyin safiya amma ta tashi salin-alin da rana, zafi ne ya yi mata ƙaranci, ba mai ba.

Ga dalili. Injin gas ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi kamar na fetur. Fistan ne ke matse iska har ta koma kashi ɗaya cikin 21 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500, sai nozul ya feso mai ya kama da kansa. In ka taɓa yi wa tayar keke iska da sauri ka ji gindin famfon ya ɗau zafi, to, abin ke nan. Da sanyin asuba ƙarfen injin yana shanye wannan zafi kafin ya yi aiki, balle a irin injinka, inda ake fesa man a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke cikin kan silinda. Shi ya sa aka sa hita fulogi guda huɗu, su gasa ɗakunan kafin a yi kik.

Fara da kunnenka. In ka murɗa makulli ka ji injin yana juyawa da ƙyar, yana nishi, to, babu gwajin da zai faɗa maka gaskiya sai an gyara wannan, domin iskar da aka matse a hankali tana sulalewa ta gefen ringi ba ta yi zafi ba. Bayan kwanakin da ka yi kana fama, da wuya batirinka bai yi sanyi ba. Cikakken batir yana nuna volt 12.6, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 ba lokacin da kik ke aiki. A kankare farin garin da ke taruwa a kan batir, a ɗaure kawunan tamau, a duba wayar at da ta haɗa injin da jikin mota. Batirin ƙaramar mota mai fetur ba zai iya da wannan injin ba. Kada kuma ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a lokaci guda, ka bar kik ya huce tsakani.

In injin ya juya da ƙarfinsa, sai gwajin da nake ganin ya fi kowanne amfani, kuma ko sisi ba a kashewa. Sa wani ya yi kik, kai ka tsaya a bayan mota ka zuba wa bakin salansa ido. In farin hayaƙi yana fitowa bul-bul, mai warin ɗanyen gas har ya sa ka ƙwalla, mai yana isa cikin silinda, kamawa ce ba ya yi. In kuwa salansa wayam, ko ɗigon hayaƙi babu, to, man ne bai iso ba. Gyaran waɗannan biyu daban-daban ne, bakaniken da ya ɗauki sufana bai kalli hayaƙin nan ba laluben duhu yake yi da kuɗinka.

Ina kyautata zaton farin hayaƙi za ka gani, don haka bari in daɗe a nan. Hita fulogin wannan mota iri biyu ne. Na farkon fitowa suna da lanƙwasasshiyar waya a baki, kuma a jere aka haɗa su, wuta na bi ta ɗaya ta wuce na gaba. In ɗaya ya tsinke, duka huɗun sun mutu. Irin waɗannan kada a kuskura a gwada su da jona wa batir kai tsaye, ba a yi su don ɗaukar volt 12 ba, nan take za su ƙone. Na baya kuwa sirara ne kamar fensir, kowanne da wayarsa. Su a hankali suke mutuwa: ɗaya ya tafi mota ta fara tashi tana karkarwa, biyu su tafi a fara turi, uku su tafi a ajiye ta. Wannan ya yi kama da labarinka ƙwarai. Mai gyaran wayarin zai auna kowanne da mita, lafiyayye ba ya wuce om ɗaya. Ya kuma buɗe akwatin rile ɗinsu da ke ƙarƙashin bonet, akwai wani fallen fis na amfiya 80 a ciki. Yakan tsage siririn tsagi kamar gashi, ido ya gan shi lafiya lau alhali wuta ba ta wucewa, sai an kwance shi ya rabe biyu a hannu. Fitilar da ke kan dashbod kada ka dogara da ita kaɗai.

Sai bawul, wanda mutane da yawa ba su san ana saita shi ba. A wannan injin da hannu ake saitawa, kuma da tafiya ta yi tafiya giɓin yana tsukewa har bawul ya daina rufewa ruf, matsi ya riƙa zurarewa. In injin yana sanyi, giɓin na shigar iska milimita 0.10 ne, na fitar hayaƙi 0.30. Aikin sa'a ɗaya ne ko biyu, ya kuma tayar da motoci da yawa da aka yanke wa hukuncin sauke inji. Ka tambayi kanka yaushe rabon da a buɗe murfin bawul ɗin motar nan. Sai bayan an saita ne auna matsin silinda zai yi ma'ana. Lafiyayyen inji yana ba da sama da bar 20, silindojin huɗu kuma su yi kusa da juna. In ɗaya ya faɗi warwas, a nan ne za a fara maganar ringi ko kan silinda.

To, in babu hayaƙi fa? Dubi ƙaramar filtar roba mai garai-garai da ke kan tiyon mai kusa da injekta. In ta yi baƙi ƙirin, ko ka ga kumfa na yawo a ciki, ka kama ɓarawon. Canja ta tare da babbar filta. A gefen injekta akwai famfon hannu: sassauta kusar da ke saman babbar filta, ka yi ta buga famfon har mai ya fito babu kumfa, ka ɗaure. Sannan a sassauta notin bututun da ke kan nozul da sufana mai lamba 17, a yi kik har mai ya fara tsartuwa, a mayar a ɗaure. Kada kowa ya kai yatsa wajen, nozul ɗin nan sai matsi ya kai bar 115 yake buɗewa, feshinsa yana huda fata. Iska tana shiga ne ta tsohon famfon hannun kansa, ko tiyon da ya tsattsage, ko siraran tiyo masu rigar zare da ke tsakanin nozul da nozul. In kana zargin tanki, cire tiyon da ke kawo mai daga tanki ka tsoma a galan mai tsabtataccen gas. In ta tashi, rariyar da ke gindin tanki ce ta toshe, ko kuma ruwa ya kwanta a ciki, abin da ya zama ruwan dare ga mai sayen gas a jarka a bakin titi. Ka kuma tabbata ɗan hannun kashe inji da aka rubuta STOP a kansa bai maƙale a danne ba.

Abu ɗaya nake roƙonka ka hana, ko wa ya kawo shawarar: tsoma tsumma a fetur a kara a bakin shaƙar iska, ko fesa maganin sauro. Hita fulogi mai zafi yana kunna shi tun fistan bai kai sama ba, bugun yana iya fasa ringi ko ya lalata ɗan ɗakin nan na kan silinda, wutar kuma ta dawo wa mai riƙe da tsumman.

Injekta za a cire ne in mai mai tsabta, marar iska, yana shiga cikinta amma ko ɗigo ba ya fitowa ta bututun nozul. Ko a nan ma, a buɗe murfin zuba baƙin mai a leƙa a ga ko kamshaf yana juyawa lokacin kik, don sarƙa ɗaya ce ke ja shi da injektar. In ya tabbata ita ce, a kai ta wurin mai injin gwaji, kuma wanda zai mayar da ita ya san saitinta, wato ta fara tura mai digiri 24 kafin fistan na ɗaya ya kai ƙololuwa. Ka gwada waɗannan, ka rubuto mana irin hayaƙin da ka gani. Allah Ya sa a dace.