Rumbu Ɗaya Ga Duk Kwamfutocin Ofis

Ƙananan ofisoshin Gwammaja da Ƙofar Ruwa da bakin kasuwar Kurmi, na lauya ne ko na ɗab'i ko na makaranta, ba a rana ɗaya suka sayi kwamfutocinsu ba. Shi ya sa za ka tarar akanta yana kan Windows, mai zane na riƙe da MacBook, wata tsohuwar kwamfuta kuma an sa mata Ubuntu don ta ƙara kwana biyu. Idan ka tambaya ina ake ajiye kwafin aiki, sai a nuna maka faifan ajiya guda ɗaya da ke yawo daga tebur zuwa tebur. A ganina wannan faifan shi ne tushen asarar da ake yi, kuma maganinta shi ne ofis ya yi rumbu ɗaya wanda kowace kwamfuta za ta riƙa zuba kwafinta a ciki da kanta, ba sai wani ya tuna ba.

Dalili na farko yana cikin tsarin faifan. Windows tana tsara faifai da NTFS, Mac da APFS, Linux galibi da ext4. Mac na karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai sai an ƙara mata wata manhaja, Windows kuwa ba ta buɗe APFS. Sai masu gyara su koma FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4, ko exFAT, wanda duka ukun ke aiki da shi amma ba ya riƙe bayanin rubutun da yake cikin yi. A garin da ake ɗauke wuta babu sallama, wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin wuta na yankewa ana tsakiyar kwafi, faifan na iya rikicewa. Ga kuma ƙwayar cutar nan ta filash da ke ɓoye fayil, wadda yawon faifai ke yaɗawa.

Rumbun ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Microsoft ta daina sabunta Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma da yawan kwamfutocin da ba za su ɗauki Windows 11 ba lafiyarsu ƙalau. Ka ɗauki ɗaya, ka sa mata sabon faifai da Linux da manhajar Samba, ka haɗa ta da sauran kwamfutocin ta waya, ba ta iska ba. Samba na amfani da ƙa'idar SMB wadda duka ukun suka sani, don haka File History na Windows da Time Machine na Mac da rsync na Linux duk za su iya zuba mata a kan lokaci, kowa da ɗakinsa da kalmar sirrinsa. A kashe tsohon zubin SMB na farko, domin ta nan WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. A jona ta da inbata ko UPS, a ɗaga ta daga ƙasa saboda ƙurar hunturu.

Wani zai ce ai Google Drive ya wadatar. Yana da amfani, amma gigabait 15 ɗin kyauta ba ya ɗaukar zanen CorelDRAW na shekara guda, sannan shi daidaita fayil yake yi: ka goge a kwamfuta, ya goge a can, kwandon shararsa kuma kwana 30 yake riƙewa. A bar masa takardun kuɗi da yarjejeniyoyi, waɗanda ba sa cin data. Wani kuma zai ce tara komai wuri ɗaya haɗari ne, kuma ya yi gaskiya. Manhajar garkuwa da bayanai na kulle duk abin da ke jone, kuma gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta nuna yadda shago ke ƙonewa da duk abin da ke ciki. Saboda haka a sayi faifai biyu ana musanya su: duk ranar Alhamis a kwashe rumbun a ɗaya, a cire, mai ofis ya tafi da shi gida. A kulle shi da kalmar sirri, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa ofis alhakin tsare bayanan mutanen da yake riƙewa.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne gwaji. A ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, ya riƙa dawo da fayil daga rumbun sau ɗaya a wata, ya buɗe shi a wata kwamfutar daban. A nan ne zai gano cewa sunan da aka sa wa alamar tambaya a Linux ya ƙi buɗuwa a Windows, ko MacBook ɗin mai zane ta daina zubawa tun ranar da aka canja kalmar sirri.