Tsohuwar Kyanwa Mai Aman Jini: Darasi Ga Hakimai Da Malamansu

Tun daga bakin gadar kogin Kaduna har zuwa Kawo, da wuya a sami unguwar da ba a kiwon kyanwa a cikinta. Masu shagunan hatsi na Kasuwar Kawo da Kasuwar Barci suna ajiye ta saboda ɓera, matan gida kuwa a Unguwar Rimi da Badarawa da Tudun Wada sun saba da ganinta kwance a gindin murhu. Galibi ba a kula da ita sai ranar da ta tsufa, aka wayi gari aka tarar ta yi amai da jini. Daga nan magana ta kan kai gaban Mai Unguwa, wata rana har gaban Hakimi, gama mai kyanwa ya kan ce maƙwabcinsa ne ya ba ta guba, wata tsohuwa kuwa ta ce sammu ne aka yi wa mai gida ya faɗa kan dabba. An shirya wannan darasi ne domin Hakimai da malamansu su san abin da ke kawo ciwon, da abin da ya kamata a gaya wa talakawa su yi.

Da fari sai a san tsufan kyanwa. Bisa ga lissafin likitocin dabbobi, kyanwa mai shekara 10 daidai ta ke da mutum mai shekara 56, mai shekara 15 kuwa kamar dattijo mai 76. Jininta kuma kaɗan ne ƙwarai. Kyanwa mai nauyin kilo 3 da rabi, duk jinin jikinta bai wuce cikin kofin shayi guda ba, watau wajen mililita 200. In ta zubar da cikin babban cokali uku, ta rasa kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Saboda haka abin da mutum zai gani a kan daɓe ya ce ɗan kaɗan ne, a gare ta mai yawa ne, kuma ba a kwana ana jira a ga ko zai tsaya da kansa.

Abin da a ke dubawa

In jinin ja ne wur, bai daɗe da fita ba, mai yiwuwa daga baki ko maƙogwaro ko farkon tumbi ya fito. In kuwa baƙi-baƙi ne mai tsaki-tsaki kamar dakakkiyar daddawa, to ya jima a cikin tumbi har ruwan ciki ya soma narkar da shi. Kashi baƙi mai danƙo kamar kwalta shi ma jini ne, ko da ya ke mutane ba su cika gane haka ba. Kumfa mai ruwan hoda wanda ya fito da tari, daga huhu ya ke, ba amai ba ne, kuma ya fi gaggawa.

Sa'an nan a ɗaga leɓenta a hankali a dubi dasashi. Na lafiyayyar kyanwa ja-ja ne mai laima. In aka danna shi da yatsa ya yi fari, launinsa ya kan komo kafin daƙiƙa 2. Dasashin da ya yi fari fat, da kunnuwa masu sanyi, da numfashi sama-sama, alama ce jini ya ƙaranta, sai a tafi da ita nan take, ko da dare ne.

Abin da ke kawo shi

Tsufa da kansa ya kan kawo uku. Na farko ciwon ƙoda, wanda ya yawaita ga tsofaffin kyanwoyi: a kan ga kyanwa tana yawan shan ruwa da yawan fitsari, tana ramewa wata da watanni, bakinta yana wari, har dattin da ƙoda ta kasa tacewa ya ɓata mata ciki. Na biyu ƙari a tumbi ko hanji, watau ciwon daji. Na uku ruɓewar haƙori da dasashi, inda ta ke haɗiye jinin bakinta sa'an nan ta amayo shi, wannan kuwa shi ne mafi sauƙi. Banda waɗannan akwai ƙayar kifi, da tsinin ƙashin kaza, da allura mai zare, wadda kyanwar gidan tela ta kan haɗiye garin wasa. In aka ga zare ya leƙo daga baki ko dubura, kada a ja shi, gama ya kan yanka hanji.

Amma abubuwa biyu da suka fi shafar aikin Hakimi daga hannun mutane su ke fitowa. Ɗaya shi ne maganin mutane. Mai gida ya ga kyanwa ta yi laushi, tausayi ya kama shi, sai ya ɓallo ƙwayar ciwon jiki ya tura mata. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna ƙwaƙule tumbin kyanwa har ya yi gyambo. Farasitamol kuwa ya fi su sharri, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi kamar ta mutum, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta. Alamarsa dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura.

Ɗayan kuma shinkafar ɓera ce, wadda yara ke talla a tashoshin mota, sau da yawa a ƙullin leda, ba suna ba takarda. Ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai hana jini daskarewa. Ta farkon irinta, warfarin, an soma sayar da ita a Amurka a 1948, a shekarun 1970 kuma aka fito da masu ƙarfi irin su brodifacoum, waɗanda ke daɗewa a cikin hanta. Wannan guba tana hana jiki amfani da sinadarin bitamin K, wanda sai da shi jini ke daskarewa. Ba ta nuna kanta ranar da aka ci. Sai bayan kwana 3 zuwa 5 jini ya soma fita ta baki, ko hanci, ko fitsari, ko ya taru a ƙirji. Kyanwa ba ta cika cin hatsin gubar da kanta ba, amma ɓeran da ya ci ya kan yi sanyi, tsohuwar kyanwa wadda gudu ya ƙare mata kuwa irinsa ta ke iya kamawa, yau ɗaya gobe ɗaya. Akwai kuma baƙin gari mai suna zinc phosphide, wanda ke aiki cikin sa'o'i kaɗan. Aman da ya kawo yana warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, kuma iskar da ke tashi daga gare shi guba ce ga mutane. In aka ji wannan wari, a fitar da dabbar fili, a buɗe tagogi, a kori yara daga wurin.

Wannan jinkiri na kwana 3 zuwa 5 ya kamata mai sauraron ƙara ya riƙe. A ɗauka wani mai hatsi ya zo ya ce jiya da yamma an ga kyanwarsa a gidan maƙwabci, yau da safe ta yi aman jini. In gubar mai hana daskarewar jini ce, to ba jiya ta ci ba. Kafin a kira maƙwabci, malamin Hakimi ya tambayi mai ƙara ko an zuba maganin ɓera a shagonsa ko a layinsu cikin makon nan, ko kuwa wani a gidan ya ba ta ƙwaya. Sau da yawa amsar tana cikin gidan mai ƙarar, a rabu lafiya ba a ɓata zumunci ba.

Abin da mai kyanwa zai yi

Ya ɗauke abinci tukuna, ya bar mata ruwa kaɗan ta sha da kanta. Kada a ɗura mata manja, ko madara, ko ruwan gishiri, ko jiƙo. Manja ba ya karya guba, ɗure kuwa ya kan shiga huhu, babbar kyanwa ma ba ta narkar da madara sosai. Ya ɗauki hoton aman da waya, ya ƙulle ledar gubar ko kwalin ƙwayar da a ke zato ya tafi da su, gama maganin wata guba ba shi ne na wata ba. A naɗe ta da tawul, a sa ta cikin kwali mai huji ko kwando mai murfi. Buhun da a ke ɗaure baki ba ya barinta ta yi numfashi.

A yi hattara da hannu. Kyanwar Lami ma in ciwo ya ishe ta ta kan yi cizo. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sa'an nan ya je asibiti a ranar, domin kyanwa tana ɗaukar ciwon haukan kare kamar yadda kare ke ɗauka.

A cikin gari akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Magajin Gari, da kuma na masu zaman kansu. Abin da ya gagara a kan tura shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, tafiyar wajen kilomita 80. Likita ya kan yi ƙarin ruwa, da allurar tsai da amai, da maganin rage tsamin ciki, ya auna jini, in da hali ya ɗauki hoton ciki. Maganin guba mai hana daskarewar jini shi ne bitamin K1, kuma ga masu ƙarfin nan sai an yi mako 3 zuwa 4 ana ba da shi. Kuskuren da a ke yawan yi shi ne a ga ta miƙe bayan kwana biyar a daina, jini ya komo. In ta dawo gida a ba ta dafaffiyar tsokar kaza ko kifi marar ƙaya kaɗan-kaɗan, ba albasa ba tafarnuwa, gama su ma suna lalata mata jini. In ta kwana 2 ba ta ci kome ba a mai da ita, domin yunwa tana taɓa hantar kyanwa da sauri.

Ba kowacce ke tashi ba. Ciwon ƙoda ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi, wata ta ƙara wata shida, wata shekara biyu. In ƙari ne ya ci ƙarfinta, likita zai faɗi gaskiya, yana kuma da allurar da ke raba ta da wahala ba tare da azaba ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba ya tambayi malaminsa. Abin da lalle Hakimi zai hana shi ne al'adar ƙunshe tsohuwar kyanwa a buhu a jefa kogi ko juji, ko a bar yara su bi ta da jifa. Dabbar da ta yi shekara goma tana tsaron rumbu ba ta cancanci haka ba.

Abin da ke kan Hakimi

In kyanwa biyu ko uku suka mutu a layi ɗaya cikin mako guda, malami ya rubuta rana, da layin, da kamannin aman, a aika wa likitan dabbobi da malamin tsabta na ƙaramar hukuma. Guba ce a ke zubawa a fili, kuma inda kyanwa ta kai gare ta, kaji da yaro mai rarrafe ma za su kai. Ba a ce a bar ɓera ba. Tun da aka gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, an san ɓera mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi, cutar kuwa ta fi tashi da rani. Masu unguwanni su sanar a riƙa rufe hatsi a mazubi mai murfi, a toshe ramuka, a kafa tarko, wanda kuwa ya zama dole ya sa guba ya sa ta cikin akwati mai ƙaramar kafa, ya tsince matattun ɓeraye kowace safiya da leda a hannu.

Gawar kyanwar da a ke zaton guba ta ci, a haƙa rami mai zurfin kamu biyu nesa da rijiya a binne ta, a danne da dutse, don kada kare ko ungulu su tono.