Ƙwayar Gulukos: Likita Ne Zai Rubuta Ko Mu Ne Za Mu Saya?

Muna zaune a Ingila, kuma maigidana yana fama da ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya kai shi ga yin allurar insulin sau huɗu a rana. Tun da aka ƙara masa yawan allurar, sugansa yakan faɗi sau biyu ko uku a mako, musamman in ya tashi daga aikin dare. Sai ka ga gumi ya keto masa, hannu na rawa, magana ta fara sarƙewa. Da can mukan sayi ƙwayar gulukos a kemis. Kwanan baya wani abokinsa da ke wani gari ya ce masa shi likita ne ke rubuta masa, ko sisi ba ya biya. Da maigidan ya nema a asibitin unguwarmu sai aka ce ya je ya saya. Abin ya ɓata masa rai, ya ce ba zai ƙara saye ba tunda haƙƙinsa ne, ana cire masa haraji kowane wata. Yanzu dabino da cakulan yake sakawa a aljihu, wani lokaci ma ya manta, ga shi kuma shi ke tuƙa kansa zuwa wurin aiki. Malam, da gaske ana rubutawa? In ana yi, ta ina za mu bi? In kuma ba a yi, me zan ce masa? Wallahi hankalina ba ya kwanciya in ya fita.

Wata baiwar Allah, Landan

Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi.

Abokin maigida bai yi ƙarya ba, su ma na asibitinku ba da gayya suka hana shi ba. Abu biyu ne suka cakuɗe. Na farko, wa ke biyan kuɗin abin da likita ya rubuta. A Ingila ana biyan fam 9.90 a kan kowane magani da ke takardar likita, amma mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allura an ɗauke masa wannan kuɗi, muddin ya cike fom ɗin FP92A a asibitin unguwa ya karɓi takardar yafiya, wadda ake sabuntawa duk shekara 5. Ki duba ko ta maigida ba ta ƙare ba, domin ana cin tarar da kan kai fam 100 ga wanda ya karɓi magani kyauta ba tare da ita ba. Na biyu shi ne ko likita zai rubuta abin tun farko, kuma a nan garuruwa suka bambanta. Tun 2022 hukumomin lafiya na yankuna ne ke riƙe da kasafin NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, a Ingila, kowacce da jerin abin da ta yarda likitocinta su rubuta. Akwai inda ake rubuta ƙwayar gulukos, akwai inda ake ɗaukarta a matsayin alewar da kowa zai iya saya a kanti a kan fam ɗaya ko biyu. Takardar yafiya tana ɗauke wa mutum biya ne kawai, ba ta tilasta wa likita ya rubuta komai. Don haka yana iya sake nema, musamman ta hannun nas mai kula da masu ciwon suga, amma ba lalle ne a ba shi ba. Abin da nake so ki kai masa shi ne, ya tsaya yana ja-in-ja a kan mafi ƙanƙantar abin da zai iya samu wurin likita, ya bar manyan a baya.

Dalilin da ya sa wasu yankuna ba sa rubuta ta shi ne, babu wani sinadarin magani a cikinta. Sukari ce zalla da aka auna aka dunƙule, kowace ƙwaya giram 3 zuwa 4. Ana cewa suga ya faɗi idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 4, ko ƙasa da 70 a na'urorin da ke ƙidaya da manyan lambobi irin waɗanda ake yawan gani a Najeriya. Maganinsa giram 15 zuwa 20 na sukari mai saurin shiga jini: ƙwaya biyar, ko ƙaramin kofi na ruwan lemo mai zaƙi, ko ƙaramin cokali huɗu na sukari a ruwa. Sai a jira minti 10 zuwa 15 a sake gwadawa. In bai haura 4 ba a maimaita, in ya haura a bi shi da burodi ko abinci don kada ya sake sauka. A wannan ma'auni za ki ga inda abin da ke aljihun maigida ya gaza. Cakulan cike yake da mai, shi kuma mai yana jinkirta shigar sukari jini a daidai lokacin da ake neman gaggawa. Dabino ya fi babu, amma yana da ɓawo da zare masu rage masa sauri, kusan rabin zaƙinsa irin na 'ya'yan itace ne da ba ya ɗaga sugan jini nan take, kuma girmansa ba ɗaya ba ne balle a san adadin da aka ci. Ko lemon kwalba sai an duba jikinsa, domin Lucozade ya rage kusan rabin sukarinsa a 2017, wasu da dama ma sun rage saboda harajin abin sha mai zaƙi da ya fara aiki a 2018. Ita kuwa alewar roba da nas-nas na Ingila ke yawan ba da shawara a riƙe, da yawanta ana yin ta da gelatin na dabba, wani lokaci na alade, sai Musulmi ya karanta abin da aka rubuta a ledar.

Maigida yana iya cewa, to in sukarin gida ya wadatar, me ya sa za a matsa masa ya sayi ƙwaya? Saboda faɗuwar suga ba ta jiran mutum ya isa kicin. Ƙwaya ba ta narkewa a aljihu, ba ta zubewa, ba ta lalacewa a mota, kuma wanda hannunsa ke rawa kansa ya fara juyawa zai iya ƙirga biyar amma ba zai iya auna cokali ba. Yana kuma iya cewa maganar ba ta fam biyu ba ce, ta haƙƙi ce, kuma kuɗin yana taruwa ga mai buƙata duk mako. Wannan magana ce mai kyau, bambancin da ke tsakanin gari da gari ma abin ƙorafi ne, yana da damar rubuta wa manajan asibitin ya nemi a sake duba lamarin. Sai dai fushin da ya yi ba ya taɓa asibiti ko kaɗan, a kansa yake sauka, da kuma duk wanda ya haɗa titi da shi. Hukumar DVLA mai ba da lasisin tuƙi ta wajabta wa mai allurar insulin ya sanar da ita, ya gwada jini cikin awa biyu kafin ya tuƙa, ya ɗan ci wani abu in ya ga 5 ko ƙasa, kada ya tada mota in ya ga ƙasa da 4. In abin ya same shi a hanya, ya faka ya kashe mota ya sha sukari, ya jira minti 45 bayan sugan ya daidaita. Wanda ya fito daga aikin dare aljihu ba komai ba shi da hanyar cika wasu daga cikin waɗannan.

Yanzu ga babban abin da ke cikin wasiƙarki, wanda kika ambata a wucewa: sau biyu ko uku a mako, tun da aka ƙara allura. Wannan ba al'adar ciwon suga ba ce da za a haƙura da ita, alama ce cewa allurar ba ta dace da cinsa da aikinsa ba. Mai jayayya a kan ƙwaya a wannan hali kamar mai ɗakin da ke yoyo ne yana rigima a kan wa zai saya masa bokiti. Aikin dare yana juya lokacin cin abinci, aikin ƙarfi yana ƙona sukari, raguwar ƙiba ko raunin ƙoda suna sa insulin ya fi ƙarfin jiki, yawan soka allura a wuri ɗaya kuma yana haifar da kumburi a ƙarƙashin fata wanda ke sa maganin ya shiga yau da sauri gobe da jinkiri. Duk waɗannan likita ne ko nas za su tantance. Na san tsoron da masu ciwon ke yi, cewa in an rage allura suga zai hau ya taɓa ido da ƙoda. Tsoron yana da tushe, shi ya sa ba a so mutum ya rage da kansa. Amma ɓarnar hawan suga a hankali take zuwa cikin shekaru, ta faɗuwa kuwa cikin mintuna take. Ga shi kuma yawan faɗuwa yana sa jiki ya daina yin gargaɗi. Gumin da rawar hannun da kike gani yau su ne ke ba shi damar ceton kansa, in suka gushe sai dai a ga mutum ya kife ba sallama.

Saboda haka in zai je asibiti, ya je da rubutaccen jerin ranaku da lokutan da sugan ya faɗi, da lambar da na'ura ta nuna, da abin da ya ci kafin nan. Da wannan takarda a hannu zai nemi abu huɗu da kanti ba ya bayarwa kyauta, wasu ma ba ya sayarwa sai da takardar likita. Na ɗaya a sake duba adadi da lokacin allurarsa bisa aikin dare. Na biyu na'urar nan mai kama da maɓalli da ake maƙalawa a bayan damtse, irin su FreeStyle Libre, wadda ke yin kusan mako biyu a jiki tana aika lamba zuwa waya, ta kuma yi ƙara in suga ya doshi ƙasa. Tun 2022 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jiyya ta ce a ba masu nau'i na biyu da ke allura sau da yawa a rana idan suna yawan faɗuwa, kuma bayanin da kika yi ya yi daidai da wannan sharaɗi. Na uku gulukos mai kauri na matsawa, irin su Glucogel, wanda likitoci suka fi saurin rubutawa a kan ƙwaya. Na huɗu allurar gulukagon, tare da a koya miki yadda ake yin ta. Ita ce ta ranar da, Allah ya kiyaye, ya suma ko ya kasa haɗiya. A ranar kada ki ɗura masa komai a baki don kada ya shaƙe. Ki kwantar da shi ta gefe, ki yi masa allurar in tana nan, ki kira 999.

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ya haɗa da maganar azumi a wannan zuwa, makonni kafin Ramadan. Mai allura sau huɗu da ke yawan faɗuwa yana cikin waɗanda likitoci ke ganin azumi na da haɗari sosai a gare su, kuma ko an ba shi izini, ƙa'ida ita ce ya karya da zarar ya ga ƙasa da 4. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, ya tambayi malamai.

Abin da za ki ce masa kuwa, kada ki ce ba shi da gaskiya, domin yana da ita ta wani ɓangare. Ki ce ya ci gaba da neman haƙƙinsa, amma ya nemi babba. Kafin nan ki sayi ƙwayar da kanki a yau, ki sa fakiti ɗaya a aljihun rigar aikinsa, ɗaya a ƙofar mota ta gefen direba, ɗaya a gefen gado, sannan gobe da safe ku kira asibiti ku nemi ganin nas ɗin ciwon suga, ku faɗa musu ƙarara cewa sugansa yana faɗuwa duk mako kuma yana tuƙi. Allah ya ƙara sauƙi.