Tsokaci a Kan "All But" da Matsalarsa ga Sinawa Masu Koyon Turanci

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu ina so in yi tsokaci a kan kalmomin nan biyu na Turanci, wato "all but", da irin tuntuɓen da Sinawa masu koyon Turanci kan yi da su. Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Amsa ita ce, Turanci ne ya fi haɗa mu da Sinawa a kasuwa da wurin aiki, kuma Sinanci da Hausa sun yi kama a wannan gaɓa, kamar yadda za a gani.

Tushen Matsalar

Abin da akan fara koya wa Basine shi ne "but" na nufin "danshi", wato "amma". To, sai dai asalin kalmar a tsohon Turanci "butan" ne, mai nufin "a wajen abu". Wannan tsohuwar ma'ana ta togewa ita ce take raye a cikin "all but", kuma ta rabu gida biyu.

Ma'ana ta Farko: Duka, In Ban Da

Idan suna ko adadi ya biyo baya, ana nufin an toge wani abu daga cikin taro. Misali, "All but two students passed" na nufin duk ɗalibai sun ci jarrabawa in ban da biyu. Haka nan a jami'o'in Amurka akan kira wanda ya gama komai na digirin digirgir sai kundi da "all but dissertation".

Sinanci kan bayyana wannan da "chule" da "dou". Misali, "Chule ta, women dou lai le", wato ban da shi, dukanmu mun zo. Amma idan aka sa "hai" a gurbin "dou", sai ma'ana ta koma ƙari: "Chule Yingyu, ta hai hui Fayu", wato ban da Turanci, yana kuma jin Faransanci. A lura, "ban da" ta Hausa ma tana yin wannan aiki biyu. Shi kuwa Turanci ya raba su, "all but" togewa kawai yake yi, "besides" ke ɗaukar ƙari.

Ma'ana ta Biyu: Saura Kaɗan

Idan sifa ko aikatau ne ya biyo baya, ma'ana takan zama "kusan" ko "saura ƙiris". Sinawa kan ce "jihu" ko "chadianr". Misali, "The bridge is all but finished" na nufin gada ta kusa kammaluwa. Haka kuma "He all but died" na nufin saura kaɗan ya mutu, ke nan yana raye.

A ganina wannan ma'ana 'yar ta farko ce: an yi komai, sai taki na ƙarshe ya rage.

Inda Gizo Ke Saƙa

Ɗalibin da ya riƙe ma'ana ta farko kaɗai yakan ɗauki jimlar gadar nan da cewa ko kusa ba a gama ba. Ya haɗa ta ke nan da "anything but finished", wadda ita ce ke nufin hakan. Mu ƙaddara injiniya ko tafinta ne ya karanta rahoton aiki da wannan fahimta: zai iya hana biyan ɗan kwangilar da ya kusa gama aikinsa. Akwai kuma "nothing but", mai nufin "ba komai sai", wadda Sinawa kan fassara da "zhi", wato "kawai".

Shawarata ita ce, a dubi kalmar da ta biyo baya, sa'an nan a gwada sa "except" ko "almost" a gurbin. Wadda ta zauna daidai ita ce ma'anar.

Aiki

'Yan'uwa ɗalibai, a fassara waɗannan zuwa Hausa:

1. She answered all but the last question.
2. The old custom has all but disappeared.
3. The test was anything but easy.

Wanda ya sami "in ban da" a ta farko, "ta kusa ɓacewa" a ta biyu, da "ko kusa ba sauƙi" a ta uku, ya ci.

Kammalawa

Na yi ƙoƙarin nuna cewa kalmar da ke bin "all but" ita ke yanke ma'anarsa. Darasin ya shafi Basine da Bahaushe baki ɗaya, musamman mai shirin zama tafinta, domin fassarar kalma da kalma ita ke kai mutum ta baro.