Natsuwa da Motsa Jiki Ba Sai da Kuɗi Ba: Shawarwari Tara ga Iyali

Duk wanda ya tsaya a bakin kyamis ɗin unguwa bayan isha'i zai ga masu neman "maganin gajiya" suna shige da fice. Wani magini ne, wani tela, wani kuma yaro ne da uwargida ta aiko da 'yan canji. A haɗa ƙwayoyi uku ko huɗu a leda, a haɗiye, a kwanta, gobe a maimaita. Sau da yawa haɗin yana ɗauke da magungunan kashe zafi waɗanda, in aka daɗe ana shan su kullum, kan jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ƙara hawan jini. Alhali kaso mai tsoka na wannan gajiya daga wuri biyu yake fitowa: jikin da ya wuni a lanƙwashe wuri guda, da zuciyar da ta wuni tana lissafin cefane da kuɗin makaranta. Dukkansu akwai abin da gida zai iya yi musu da tabarma ɗaya da mintoci kaɗan.

1. Ku rataya abin a jikin lokacin da ba ya sauyawa

Wanda ya ce zai fara "idan ya samu sarari" ba zai fara ba. A gidajenmu kuwa an riga an yanka wuni kashi biyar da lokutan salla, don haka sai a zaɓi ɗaya a jingina da shi. Bayan asuba ya fi, kafin yara su tashi, kafin a hura wuta. Minti biyar ya isa a makon farko. Minti biyar kullum ya fi awa guda ranar Lahadi da za a yi sau ɗaya a watsar.

2. Ku fara da numfashi

Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana zaune. Lokacin da hankali ya tashi, numfashin kan koma gajere, ya tsaya a ƙirji, zuciya ta ƙara gudu, domin jiki ya saki sinadaran shirin faɗa ko gudu. Jiki bai san bambancin kura da mai bin bashi ba, shiri ɗaya yake yi musu. To akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da ciki, aikinta rage wa zuciya gudu, kuma tasirinta ya fi ƙarfi lokacin da mutum ke fitar da numfashi. Shi ya sa ajiyar zuciya ke kawo sauƙi.

Ga yadda za a yi. A zauna, a ɗora tafin hannu a kan cibiya. A ja iska ta hanci ana ƙirga huɗu a zuci, har ciki ya tura hannun waje. A sake ta a hankali ana ƙirga shida. Wannan zai ba da numfashi wajen shida a minti. A yi sau goma, a tsaya. In aka ji jiri, an cika jan iskar da ƙarfi ne, sai a sassauta. Ana iya yin sa a layin asibiti, a cikin cunkoson mota, ko a bakin murhu kafin tukunya ta tafasa, babu wanda zai ma lura.

3. Ku koyi zaman natsuwa, kada ya koma zaman zullumi

Nan ne mutane suka fi kuskure. Idan aka ce wa mai damuwa ya zauna shiru, sai ya buga tagumi ya shiga saƙa da warwara, ya tashi kansa ya fi dā nauyi. Ba wannan ake nufi ba. Abin da ake so shi ne a bai wa hankali abu guda ya riƙe, duk lokacin da ya kufce a dawo da shi ba tare da jin haushi ba.

Wani likitan zuciya a Jami'ar Harvard ta Amurka, Herbert Benson, ya auna masu irin wannan zama, ya ga bugun zuciyarsu da numfashinsu suna raguwa. A littafin da ya fitar a 1975 ya bayyana hanyar, daga baya kuma ya taƙaita ta zuwa ginshiƙai biyu: maimaita kalma ɗaya ko gajeriyar addu'a, da kau da kai daga tunanin da ya kutso a koma kan maimaitawar. Ya ba da shawarar minti 10 zuwa 20, sau ɗaya ko biyu a rana, ya kuma bar wa kowa ya zaɓi kalmar daga abin da ya yi imani da shi.

Mai carbi a aljihu ba baƙo ba ne ga wannan. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawanmu muna jan tasbaha 33 ɗin nan na bayan salla cikin 'yan daƙiƙoƙi, yatsa na gudu, ido na kan ƙofar masallaci, zuciya na kasuwa. Littafin Ahalari da aka karantar da mu tun muna yara ya lissafa natsuwa cikin farillan salla, amma sai ka ga mutum ya idar da raka'a huɗu kafin wani ya gama ɗaura alwala. Ibada don Allah ake yin ta, ba don hawan jini ba, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma wanda ya ba zikirinsa haƙƙinsa, ya furta kowace kalma a tsanake yana jin ta, jikinsa ma zai samu rabonsa. Kirista na da addu'arsa da zaburarsa da zai riƙe haka. Wanda kuma yake son zaman da bai shafi ibada ba, sai ya ƙirga numfashinsa daga ɗaya zuwa goma, ya sake komawa ɗaya.

Hankali zai gudu, sau goma ko sau hamsin. Wannan ba gazawa ba ce, dawo da shi ɗin shi ne aikin. Waya kuwa a bar ta a wani ɗaki.

4. Ku miƙe gaɓoɓi kafin ku ɗora musu aiki

A Japan, tun 1928 gidan rediyo ke watsa wani ɗan gajeren motsa jiki da safe, kimanin minti uku, yara da ma'aikata da tsofaffi na bi. Babu na'ura, babu kuɗin shiga. Namu ma bai fi haka ba. A karkata kai dama, a karkata hagu, a hankali. A juya kafaɗu baya sau goma. A ɗaga hannuwa sama a yi miƙa sosai. A durƙusa kan gwiwoyi da tafukan hannu, a gantsare baya, a kuma tanƙware shi sama, sau biyar. A kwanta rigingine a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji. Kowace miƙa a riƙe ta daƙiƙa 15 zuwa 30, ana numfashi, ba fizga. Jan tsoka kaɗan daidai ne. Zafi mai suka kuwa alama ce ta a tsaya. Mai juna biyu da cikinta ya tsufa ta bar na kwanciya rigingine.

5. Tafiya a ƙafa, musamman bayan cin abinci

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako. Ƙaramin adadin shi ne rabin awa sau biyar a mako, kuma ba dole a yi shi a tashi ɗaya ba. Ma'aunin matsakaici mai sauƙi ne: kana iya magana, amma ba ka iya rera waƙa.

Kada zancen taku 10,000 ya kashe wa kowa gwiwa. Adadin ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku da aka fitar a Japan a 1965. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2019, kan mata sama da 16,000 masu matsakaicin shekaru 72, ya gano cewa masu taku kusan 4,400 a rana an samu ƙarancin mutuwa a cikinsu fiye da masu 2,700, kuma amfanin ya daina ƙaruwa daga wajen taku 7,500.

Mafi arha shi ne tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan tuwon dare. Tsokar da ke motsi tana janye suga daga jini, abin da mai ciwon suga ke matuƙar buƙata. Mu kuwa al'adarmu a ci a kishingiɗa. Maigida ya taka zuwa masallacin da ke gaba da na ƙofar gida, ya bar babur ya huta. Uwargida da ba ta fita tana da tsakar gida: ta zagaya ta, kishiya ko 'ya ta taya ta hira. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, a yi da sassafe ko bayan magariba, a sha ruwa. A hunturu mai asma ya jira ƙura ta lafa, ko ya yi a cikin ɗaki.

6. Aikin gida motsi ne, amma ba ya maye gurbin miƙa

"Ni da nake wuni a tsaye, wane motsa jiki kuma?" Gaskiyarki, Hajiya. Daka, surfe, jan ruwa a rijiya da wanki duk suna shiga lissafin minti 150 ɗin can. Matsalar ita ce yawancinsu a sunkuye ake yin su, kuma ɓangare ɗaya na jiki ke shan wahalar. Gajeriyar tsintsiya ta ɓata bayan mata da yawa. A ɗaura mata sanda. A ɗora bahon wanki a kan benci ko a zauna kan kujera 'yar tsuguno. In za a ɗaga jarka, a lanƙwasa gwiwoyi, a jawo ta kusa da jiki, ƙafafu su yi aikin. Bayan kowane aiki na sunkuyo, a miƙe, a dafa ƙugu, a ɗan gantsara baya sau biyar.

Tela da mai shago da direba matsalarsu akasin haka ce. Kowane rabin awa su tashi ko na minti biyu ne.

Sannan kalma ɗaya ga maigida: matar da ke da goyo da yara uku ba za ta samu minti goma ba sai an ba ta. Karɓi yaron.

7. Kada ladabi ya zaunar da tsofaffi

"Baba zauna ka huta," "Inna bari a kawo miki." Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma tsokar da ba ta aiki saurin zubewa take, daga nan sai faɗuwa a banɗaki da karayar ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara 65 zuwa sama su riƙa motsin da ke ƙarfafa tsayuwa da daidaita jiki kwana uku ko fiye a mako. A ƙasar Sin tsofaffi kan taru a filaye da safe suna wani motsi mai taushi da ake kira taici, kuma bincike ya nuna yana rage faɗuwa. A gida, abu biyu sun isa a fara da su: tashi daga kujera da komawa sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, da tsayuwa kan ƙafa ɗaya na daƙiƙa goma ana dafe da bango. Jika ya tsaya kusa yana ƙirga musu. Ku bar Inna ta share ɗakinta in tana so.

8. Ƙailula, tausa da shirin barci

Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana wartsake mutum. Wadda ta kai la'asar kan cinye barcin dare. Tausa da man kaɗe a kafaɗu da tafin ƙafa tsakanin miji da mata, ko 'ya da uwa, ba ta cin ko sisi. Da dare, bayan an kwanta, a bi jiki da hankali daga yatsun ƙafa zuwa kai, duk inda aka ji ya ɗaure a sake shi tare da fitar numfashi. Irin wannan na cikin abin da ake koyarwa a shirin rage damuwa na mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya kafa a asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979. Shayi mai kauri da goro kuma a yi sallama da su tun la'asar.

9. Ku san inda tabarma ta tsaya, asibiti ya karɓa

Duk abin da aka lissafa taimako ne, ba ya maye gurbin magani. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya ajiye ƙwayarsa don ya ji sauƙi. Hawan jini kan daɗe bai nuna alama ba, don haka a riƙa awo. In ya yi ta kaiwa 140 bisa 90 ko sama, a ga likita. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ɗaukewar numfashi ko jiri yana cikin motsi, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti. Haka in baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya mutu, ko magana ta sarƙe: kada a tsaya shafa mai, a nemi mota.

Akwai kuma waɗanda rufe ido ke dawo musu da abin da suka gani, kamar mutanen da suka tsira daga harin 'yan bindiga ko suka baro garuruwansu da gudu. Su bar idonsu a buɗe, ko su zaɓi tafiya maimakon zama, kuma kada a matsa musu.

Idan baƙin ciki ya kai mako biyu bai ɗaga ba, barci da cin abinci suka lalace, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba, ko mai jego ta riƙa kuka ba dalili tana ƙin jaririnta, wannan ciwo ne da ke da magani, ba raunin imani ba ne. Wanda ya fara zancen gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma ko a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa za a iya rubuta takardar turawa. Don Allah kada jin kunyar maƙwabta ya hana ku kai ɗan'uwanku.