Darasi: Yadda A Ke Shirya Wasan Sarƙa Kalmomi

Jama'a, kowa ya san kacici-kacici, kowa kuma ya san dara. Yau za mu koyi wani wasa wanda ya ɗebo kaɗan daga kowannensu. Ana zana gidaje kamar na dara, amma maimakon 'ya'yan dara, haruffa a ke zubawa. Kalmomi su kan sarƙe da juna, waɗansu a kwance, waɗansu a tsaye.

Wani mutumin Ingila, Arthur Wynne, shi ya fara buga irin wannan wasa a jarida. Ya buga shi a Amurka, cikin jaridar New York World, ran 21 ga Disamba, 1913. Daga nan wasan ya bazu duniya.

Kada mu raina shi don an ce wasa ne. Wanda ya rubuta "kafa" inda ya ke nufin "ƙafa" ya ɓata wasiƙarsa, watakila har ya jawo wa kansa hasara. Wannan wasa ba ya yafe kuskure ko na harafi ɗaya. Saboda haka mai yinsa ya kan ƙware wajen rubutu.

Zana gidaje

Mu ɗauki takarda da fensir. Mu zana layi 5, kowane layi da gida 7. Gidaje 35 ke nan. Da doguwar kalma a ke farawa, don ita ce mai wuyar samun wuri. Mu rubuta BUNGUDU a layin sama, harafi ɗaya a gida ɗaya. Ta cika layin daidai.

Harafi na huɗu shi ne G. Daga nan mu gangara ƙasa, mu rubuta GUSAU a tsaye. G ɗin nan ya zama na tarayya, Bunguɗu ba ta rasa ba, Gusau ba ta rasa ba.

To, a layi na uku akwai S na Gusau. Mu sa T a gabansa, mu sa A, F, E a bayansa. Ga TSAFE ta fito a kwance.

Yanzu mu duba D na layin sama. F na Tsafe na ƙarƙashinsa, gida ɗaya ne tsakaninsu. Mu sa A a tsakani, mu sa wani A a ƙarƙashin F. Mun sami DAFA. Daga B na farko kuma mu gangara da BUHU. Mu ƙirga, za mu ga gida 20 da haruffa. Sauran 15 sai mu shafe su da baƙi.

Dokoki biyu na Hausa

Ta farko, "ts" da "sh" sauti ɗaiɗai ne a baki, amma haruffa bibbiyu ne a takarda. A wasanmu mun ba kowane harafi gidansa. Da mun cusa "ts" a gida ɗaya, da Tsafe ba ta sarƙe da Gusau ba. Mai shirya wasa ya faɗi dokar da ya bi tun daga sama.

Ta biyu, haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, dabam su ke da b da d da k. Mutanen garin su kan ce Bunguɗu, amma a taswira da takardun hukuma da D a ke rubutawa, ita muka bi. Tun da mun sa D, ba dama mu gangaro da ƊAKI daga wannan gida.

Lamba da kwatance

Duk gidan da kalma ta fara, mu sa masa ƙaramar lamba, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. B ya sami 1, G ya sami 2, D ya sami 3, T ya sami 4. Sa'an nan mu rubuta wa kowace kalma kwatance, watau 'yar maganar da za ta nuna wa mai karatu hanya.

A kwance:
1. Gari a kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato (7).
4. Garin da a ke kiran sarkinsa 'Yandoto (5).

A tsaye:
1. A zuba masa gyaɗa, a ɗinke bakinsa (4).
2. Babban birnin Jihar Zamfara tun 1996 (5).
3. Abin da a ke yi wa shinkafa kafin a ci (4).

Lambar da ke ƙarshe yawan haruffa ce. Ku lura da amfaninta. Maru ma tana kan hanyar Sakkwato, amma haruffanta 4 ne, ba za ta cika gida 7 ba.

Kwatance mai kyau gajere ne, gaskiya ne, kuma amsa ɗaya gare shi. Kada amsar ta fito a cikinsa. Mu yi hankali da kalmomin da rubutunsu ɗaya, ma'anarsu biyu, kamar gari na zama da gari na tuwo. Sai kwatance ya nuna wanda a ke nufi.

Kafin a aika wa edita

Mu ba wani ɗan ajinmu ya gwada, kada mu taimake shi. In ya sami amsa biyu a wuri ɗaya, ba laifinsa ba ne, kwatancen za mu gyara. Bayan haka mu kwafe wasan sau biyu da tawada. Takarda ɗaya gidajenta ba haruffa, sai lambobi da kwatance. Ɗayar kuwa cike da amsa, don edita ya duba, ya buga ta a fitowa ta gaba. Mu rubuta sunanmu da garinmu a ƙasa. Mu ajiye kwafi a gida.

Aiki

1. Ku zana wasan nan, ku kai wa wanda bai zo aji yau ba ya cike.
2. Don me ƊAKI ta kasa shiga?
3. Ku sarƙa AUDUGA da DAWA da GERO, ku rubuta wa kowace kwatance.